Hoton Kuka da Dutse a Bangon Majami'a

Maganar da muka kawo muku a wannan wata ta taso ne a wata ƙaramar ekklesiya ta ƙasar Wudil, a kan wani hoto da aka rataya a bango. Watakila wani zai ce, hoto kuma har ya isa a cika shafi da zancensa? To, saboda hoton nan ne wani dattijo ya yi Lahadi 3 bai taka ƙofar majami'a ba, mu kuwa da muke wannan rubutu muna cikin waɗanda suka yi masa dariya da fari. Domin haka muka ga ya wajaba mu zauna mu yi tunani, mu kuma gaya muku abin da muka koya.

Yadda hoton ya zo

Wanda ya san Wudil ya san gadarta da koginta. Garin yana kan babbar hanyar da ta fito daga Kano, tafiyar kilomita 40 da ɗoriya. Ruwan Kogin Kano da na Challawa sukan haɗu kafin su iso nan, su wuce ta ƙarƙashin gada su nufi Haɗeja. Ran Jumma'a kasuwa takan ci, manyan motoci su cika gari domin ɗaukar shanu zuwa Kudu. In ka tsaya ka dubi bayan motocin nan za ka ga zane iri iri: zaki, da gaggafa, da jirgin sama, da kuma daji mai itatuwa da duwatsu da rafi. Wannan na ƙarshe yana da karɓuwa a ƙasarmu, gama da yawa cikin malaman maƙwabtanmu Musulmi ba su yarda a zana mutum ko dabba ba, amma ba su hana zanen itace da dutse ba.

Akwai wani saurayi cikin ekklesiyar nan wanda sana'arsa ke nan, rubuta allunan shaguna da yi wa motoci zane. Ya sha doguwar jinya. Da ya tashi, sai ya ce ba shi da kuɗin da zai sa a baikon godiya, amma yana da hannu, yana da fenti. Ya samo faffaɗan katako ya yi hoto ya kawo.

Ga abin da ya zana. A hagu akwai babban dutse baƙi, tsagagge daga sama har ƙasa. A gindinsa wata tsohuwar kuka tana tsaye, ba ganye ko ɗaya, rassanta a miƙe sama kamar yatsun mai roƙo. A dama ga gawo, kore shar. Bayan gawon kogi ya janye, sai ɗan ruwa siriri yana ratsa farin yashi. Can nesa giginya biyu. Sama ta yi ja, rana tana gab da ƙasa, amma ba ka iya cewa fitowa take yi ko faɗuwa. Babu mutum, babu dabba, babu ko tsuntsu. Aka rataye shi a bangon gaba, bayan inda mai wa'azi yake tsayawa.

Ido uku, hoto ɗaya

Ran Lahadi ta fari, da aka tashi daga sujada, mutane suka taru a gaban allon. Samari suka ce yana sa su ji sanyi a rai, kamar zaman yamma a bakin kogi bayan an tashi daga aiki. Wata mace wadda mijinta ya rasu a shekarar da ta wuce ta daɗe tana kallo. Can sai ta ce wa matar mai bishara, "Yaya, kukar nan ai ni ce. An kaɗe ni sarai, amma ga ni a tsaye." Ta yi hawaye, ta kuma ce hawayen sun rage mata nauyin zuciya.

Dattijon da muka ambata yana cikin masu bi na fari a ƙauyensu, haifaffen gidan Maguzawa. Ya dubi allon sau ɗaya, ya sunkuyar da kai har aka yi addu'ar rufewa. Sa'an nan ya kira saurayin ya ce, "Ɗana, wa ya nuna maka wurin nan?" Saurayin ya ce, "Baba, ba wani wuri ba ne, daga kaina na fitar." Dattijon ya ce, "A'a, na san wurin. Nan ubana yakan yanka baƙin bunsuru, ni ne mai riƙe ƙwarya. Shekara 50 ke nan da na ba wurin baya. Yau na zo yin addu'a, na ɗaga kai, sai ga shi a gabana." Saurayin ya ce, "Haba Baba, ai fenti ne kawai da katako." Muka yi dariya. Dattijon ya ɗauki sandarsa ya tafi gida.

To, ga tambaya. Allo ɗaya ne, amma ya ba waɗansu hutawa, ya ba wata hawaye, ya ba wani tsoro. Ina waɗannan abubuwa suke zaune, a jikin allon ko a zuciyar mai kallo? In kuwa hoto yana iya motsa zuciya haka, yaya ya kamata mai bi ya yi da shi?

Fenti ne kawai?

Bari mu fara auna maganar saurayin. Gaskiya ne, katako ne da fentin gwangwani. Ba ya ji, ba ya gani, babu iska a cikinsa. Amma in iyakar zancen ke nan, me ya sa macen nan ta yi hawaye? Ba mu taɓa ganin wanda ya yi kuka domin ya ga gwangwanin fenti ba. Wasiƙa ma tawada ce da takarda, duk da haka takan hana mutum barci.

Mai zane ba ya kwashe duniya ya zuba a allo yadda take. Zaɓe yake yi. Dutsen da saurayin ya zana irin na Birnin Kudu ne, inda ya taɓa zuwa aiki. Kogin kuwa na gida ne. Shi ne ya haɗa su wuri ɗaya. Da ya so, da ya sa rana tsaka, amma ya sauko da ita ƙasa, inda haske yakan yi ja, inuwa ta yi tsawo. Da ya so, da ya sa masunci da komarsa. Da ya yi haka, masuncin za mu tsaya kallo. Da yake ya bar wurin wayam, sai kowane mai kallo ya ji kamar shi kaɗai ne a tsaye a can, shi da tunaninsa. Kowane zaɓe cikin waɗannan magana ce, ko da ba a furta ta da baki ba.

Magabata ma haka suka yi. A Birnin Kudu ɗin nan, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, akwai tsohon zane a jikin duwatsu kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda masu binciken kayan tarihi, irin su Bernard Fagg, suka sanar wa duniya a shekarun 1950. Waɗanda suka yi zanen suna zaune ne a tsakiyar duwatsu da itatuwa, amma yawancin abin da suka zana shanu ne. Abin da zuciyarsu ta ɗauka da girma, shi hannunsu ya bi.

Mu Hausawa kuwa ba baƙi ba ne ga karatun itatuwa. Mukan ce inuwar giginya na nesa ka sha, muna nufin mutumin da alherinsa yake tsallake na gida. Mukan ce inuwar bagaruwa ga sanyi ga ƙaya. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, wanda aka kashe a 1966, har yau Gamji ake ce masa, saboda yawan waɗanda suka sha inuwarsa. Ko dutse mun sa shi cikin zance, muka ce na cikin ruwa bai san ana rana ba.

Ba kuwa a banza muke ɗora wa itatuwa ma'ana ba. Halin da Mahalicci ya ba kowanne, shi ne yake ɗauke da ita. Ku dubi gawo. Da damina, sa'ad da dukan daji ya yi kore, shi sai ya zubar da ganyensa, gero da dawa su sami rana da taki a gindinsa. Da rani, sa'ad da saura suka bushe, sai ya tohu, awaki da shanu su sami inuwa su ci 'ya'yansa. Kuka kuwa takan tuɓe da rani har ka ce ta mutu, alhali ruwa yana ajiye cikin kututturenta, tana jiran lokacinta. Saurayin bai yi ƙarya a kan allo ba. Kuka ba ganye da gawo kore a lokaci guda, rani ke nan sosai. Da muka matsa masa da tambaya daga baya, ya ce kwanakin jinyarsa ya zana. Kukar ita ce jikinsa a kan tabarma. Gawon shi ne alherin Allah da ya zo masa a lokacin da ba a zato. Ashe shi kansa bai gaskata cewa fenti ne kawai ba.

Dalilin Baba

Sai mu juya ga dattijon. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma mun yi kuskure da muka ɗauki maganarsa kamar ta mai gudun tsumma. Abin da ya gani yana da tushe mai zurfi a ƙasar nan. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda yake zaune a Dutsen Dala yana yi wa Tsumburbura hidima. Wurin tsafin itace ne da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Jama'a sukan kawo baƙaƙen dabbobi, su taru a gindin dutsen, su jira ya gaya musu abin da zai faru cikin shekara. Har wa yau akwai mutanen da ba su yarda su zauna gindin tsamiya da tsakar rana, ko su bi ta gindin kuka da almuru, domin tsoron iskoki.

Dutse da tsohon itace a haɗe, ba kowa a wurin, rana tana gab da ƙasa: wannan ita ce siffar wurin tsafi sak. Saurayin an haife shi cikin ekklesiya, bai taɓa riƙe ƙwaryar jini ba, saboda haka ya zana abin bai sani ba. Dattijon ya karanta shi da idon da ya gani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ashe abin da muke ji a gaban hoto igiya ce mai tufka biyu. Mai zane ya kawo nasa zaren, mai kallo ya kawo nasa daga abin da ya wuce a kansa. Ba mai iya warware su ya ce wannan kaɗai ne hoton.

An taɓa wannan gardama a Jamus

Kada mu zaci mu kaɗai ne wannan magana ta taɓa samu. Kakannin Jamusawa ma sun yi tsafi a gindin itatuwa. Wajen shekara ta 723 wani mai bishara daga Ingila, sunansa Bonifas, ya sare wani babban itace da suke bauta wa a Geismar, ya gina ɗakin addu'a da katakonsa.

Bayan shekara fiye da 1,000, a cikin jama'ar nan aka sami wani mai zane, Caspar David Friedrich, wanda aka haifa a 1774 ya rasu a 1840. Ya san baƙin ciki tun yana yaro: uwarsa ta rasu yana ƙarami, wani ɗan'uwansa kuma ya nutse a ruwa a 1787. A lokacin Kirsimati na 1808, a birnin Dresden, ya nuna wa jama'a wani hoto da ya yi da siffar abin da za a kafa a kan bagade. Ƙwanƙolin dutse ne, kewaye da wani irin itace na ƙasarsu da ake kira fir, wanda ba ya zubar da ganye ko ƙanƙara ta rufe ƙasa. A bisa dutsen akwai gicciye, ɗan ƙarami in an gwada shi da faɗin sama, yana fuskantar rana mai faɗuwa.

A farkon 1809 wani masani mai suna Ramdohr ya rubuta suka mai zafi. A ganinsa bai kamata hoton daji ya shiga majami'a ya hau bagade ba, gama irin wannan hoto motsa zuciya yake yi, ba ya koyar da kome a sarari. Friedrich ya ba da amsa, ya bayyana cewa dutsen yana nuna bangaskiya wadda ba ta jijjiguwa, itatuwan kuma suna nuna begen masu bi wanda ba ya bushewa. A ƙarshe ba a sa hoton a bagade ba. A ɗakin wani gidan sarauta ya zauna shekaru da yawa, yanzu kuwa yana gidan ajiye hotuna a Dresden.

Abu biyu muka tsinta daga wannan labari. Na ɗaya, jikokin waɗanda suka rusuna wa itace sun kai ranar da suka dubi itace suka tuna da bege cikin Kristi. Amma ku lura da yawan shekarun da ke tsakani. Mu kuwa muna so Baba ya yi wannan tafiya cikin Lahadi ɗaya. Na biyu, Ramdohr yana da tasa gaskiya. Sai da mai zanen ya buɗe baki ya faɗi ma'anar dutsen kafin kowa ya tabbata. Hoto yana iya cika zuciya, amma ba ya iya gaya mata sunan Mai Ceto.

Alama da gunki

Me Littafi Mai Tsarki ya koya mana? Cikin Fitowa sura 20 an hana mu yin siffar kowane abu domin mu rusuna mata. Amma cikin 1 Sarakuna sura 6 mun ga an sassaƙa itatuwan dabino da furanni a bangon haikalin da Sulemanu ya gina. Cikin Joshuwa sura 4 an ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar Urdun aka kafa su, domin in yara sun tambayi dalilinsu a ba su labarin yadda Allah ya haye da jama'arsa. Annabi Irmiya, cikin sura 17, ya yi mana hoto da kalmomi: ƙaramin itace a busasshiyar ƙasa shi ne mai dogara ga mutum, itace a bakin rafi shi ne mai dogara ga Ubangiji. Ubangiji Yesu da kansa ya yi koyarwa da gida a kan dutse, da iri a kan dutse, ga shi kuwa ma'anar dutsen ba ɗaya ba ce a wuraren nan biyu.

Labarin da ya fi buɗe mana ido shi ne na macijin tagulla. Musa ya ƙera shi a jeji bisa ga umarnin Allah, wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Bayan ɗaruruwan shekaru mutane suka shiga ƙona masa turare, sai Sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda aka rubuta cikin 2 Sarakuna sura 18. Tagullar tana nan yadda Musa ya bar ta. Zukatan mutane ne suka sake hanya.

Alama kamar allon bakin hanya take, wanda yake nuna wa matafiyi inda Kano take. Yakan karanta, ya ƙara sauri, ya wuce. Wanda ya sauke kayansa a gindin allon ya ce ya iso birni, shi ne ya mai da alama gunki. Haka kuma wanda ya ƙi bin hanyar domin tsoron allon, ya ba katako ikon da ba nasa ba. Ga macen nan, hoton ya yi aikin alama, gama ya kai ta ga Allah mai riƙe da ita. Ga Baba kuwa, hanyar da allon ya nuna ta koma baya ce, zuwa wurin da ya baro da wahala.

Zuciya shaida ce, ba alƙali ba

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu kiyaye. Abin da zuciya ta ji a gaban hoto, ta ji shi da gaske, ba mu da ikon ce wa mutum ƙarya yake yi. Amma jin zuciya bai isa ya yanke hukunci a kan gaskiya ba. Macen nan ta tabbata rana faɗuwa take yi. Saurayin ya ce shi fitowarta ya zana. Irmiya, cikin surar nan da ya kwatanta itatuwa biyu, ya gargaɗe mu cewa zuciyar mutum tana da ruɗi ƙwarai.

Ba a hoto kaɗai ido yakan ruɗe mu ba, har a ƙasa ta sosai. A farkon shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasar gona, itatuwan da ake dasawa suna mutuwa. Wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya dubi ƙasar har ya kusa fid da zuciya. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne, saiwoyinsu suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an rage tohon aka bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi, sai su zama itace. Wannan dabara ita ake kira sassabin zamani, an kuma ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a Jamhuriyar Nijar. Ido ya ce ƙasa ta mutu, zuciya ta yarda, amma rai yana nan a ɓoye.

Saboda haka in hoto, ko faɗuwar rana, ko kufai mai kukoki, ya sa mu baƙin ciki ko tsoro ko murna, sai mu karɓi abin kamar shaida, mu kai shi gaban Maganar Allah a auna. Maganar ta ce duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Kuka tasa ce, dutse nasa ne, tun kafin a zuba jinin bunsuru na fari a gindinsu.

Abin da muka yi

Wannan sani muna da shi tun ranar da muka yi dariya. Abin da muka rasa ƙauna ce. Manzo Bulus, cikin 1 Korintiyawa sura 8, ya yarda gunki ba kome ba ne, amma ya gwammace ya bar cin nama har abada da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe. Kada kuma mu yi saurin kiran Baba rarrauna. Mu mun tarar da bangaskiya a shimfiɗe a gidan iyayenmu. Shi ya saye tasa da rabuwa da dangi.

Bayan Lahadi ta 3 dattawan ekklesiya suka tafi gidansa, da saurayin tare da mu. Saurayin ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gafarce ni, na yi maka magana irin ta yara." Dattijon ya ce, "Tashi, ɗana. Hannunka yana da albarka. Idona ne yake da tabo." Aka yi shawara aka sauke hoton daga bangon gaba, aka kai shi ɗakin da ake koya wa yara karatun Lahadi.

Ba kowa ya ji daɗin wannan ba. Macen nan ta yi baƙin ciki. Saurayin ya yi shiru kwana da kwanaki, gama baikonsa ne. Wani cikin dattawa ya ce in muka sauke shi mun shaida wa iskoki cewa har yanzu suna da iko a kanmu. Maganarsa tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Abin da ya rinjaye mu shi ne, bangon gaba wuri ne da kowane ido dole ya kalla a lokacin addu'a. Wanda yake son hoton yana iya zuwa inda yake. Wanda hoton yake yi wa ciwo ba shi da wata majami'a.

Bayan watanni, wata Lahadi da safe, aka ga Baba ya shiga ɗakin yara. Wani yaro ya nuna allon ya ce, "Kaka, an ce kai ka sa aka kawo shi nan. Don me?" Ya zauna, ya ba su labarin ubansa, da ƙwaryar, da daren da ya ƙi zuwa gindin kukar, da yadda ya kwana yana jiran mutuwa har gari ya waye bai mutu ba. Sa'an nan ya ce, "Ranar da na ba da gaskiya kukar ba ta faɗi ba. Tana nan har gobe. Ganyenta muke kaɗa miya da shi." Yaran suka yi dariya, shi ma ya yi. Har yanzu bai yarda a mai da hoton bangon gaba ba, mu kuma ba mu roƙe shi ba.

Ya ku 'yan'uwa, hotuna sun yi yawa a zamaninmu, a kalanda, a bangon gidaje, a cikin wayoyin hannu, suna kuma shigowa majami'unmu. In an kawo muku wani, kada ku yi gaggawar cewa haram ne, kada kuma ku ce ba kome ba ne. Ku tambaya ina yake kai zuciya. Ku auna abin da yake faɗa da Littafi Mai Tsarki. Ku kuma duba ko akwai wani a cikinku da ya sunkuyar da kai, ku je ku ji daga bakinsa kafin ku yi dariya. Allah wanda ya yi gawo da kuka, ya ba kowanne lokacinsa, ya ba mu haƙuri da juna har mu kai ga sani. Amin.